Talking Heads: wane faifai ne na ɗaya a wajenku, wanne ne kuma na ƙarshe?

Sadik_ZooRoad ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambaya gare ni ga masu jin kiɗan Turawa na da, musamman manyanmu da suka riski zamanin faifai da kaset.

Kwanakin nan na zauna na bi faya-fayan ƙungiyar mawaƙan Amurka Talking Heads guda takwas da suka yi a situdiyo ɗaya bayan ɗaya, tun daga Talking Heads: 77 har zuwa Naked na 1988. Ni ta bayan gida na shigo musu gaskiya, Angélique Kidjo ta ƙasar Benin ce ta sake rera Remain in Light gaba ɗayansa a 2018, har marigayi Tony Allen mai gangar Fela ya sa hannu a ciki, to da na ji nata sai na ce bari in nemo na asali in ji me ta gani a ciki da har ta ɗauki faifai guda sukutum. Wallahi ina kunna Born Under Punches sai da na dakata na duba ko dai na yi kuskuren dannawa ne, don ban taɓa zaton ɗaliban makarantar zane-zane daga Amurka za su yi kiɗa irin wannan a 1980 ba.

Ga yadda na jera su a wajena. Remain in Light shi ne na ɗaya kuma tazarar da ya ba sauran ba kaɗan ba ce. Sai Speaking in Tongues na 1983, sai Fear of Music na 1979, sai More Songs About Buildings and Food na 1978. Daga nan Little Creatures, sannan 77, sannan Naked, True Stories na 1986 shi ne a ƙasa.

Ukun farkon ba ni da shakka a kansu, daga na huɗu zuwa ƙasa ne kullum nake ta sauya ra'ayi. Shi 77 na san mutane na girmama shi saboda Psycho Killer amma in ka cire wannan waƙar sauran sun yi min siriri, kiɗan ba nauyi, muryar mawaƙinsu David Byrne kuma tana tsalle-tsalle kamar wanda ake bi. Naked kuma na ji shi ya yi tsawo, na kai rabi sai hankalina ya tafi wani wajen.

Abin da nake son sani shi ne, shin kunnena ne da ya saba da Fela ya sa nake fifita Remain in Light haka, ko kowa ma haka yake ji? Sannan Stop Making Sense, fim da faifan wasansu, fa, ana lissafa shi ko ba a yi tunda a dandali aka ɗauka? Don Allah kowa ya kawo nasa jerin amma da dalili, kar a jero suna kawai a wuce.

Baba_MaiKaset ya rubuta:

Wa alaikumus salam Sadik, Allah ya yi albarka. Na ji daɗi ƙwarai da na ga yaro matashi yana zama ya ji faifai tun daga farko har ƙarshe, don haka aka yi su a ji, ba tsintar waƙa ɗaya a waya ba.

Amma ɗana ban yarda da na ɗayanka ba. Ni Fear of Music ne a sama, kuma na daɗe a kan wannan.

Dalilina na farko, ɗauki Remain in Light ka raba shi biyu yadda yake a faifai. Fuskar farko waƙa uku ce, Born Under Punches, Crosseyed and Painless, The Great Curve, wannan kam babu mai ja, a duk abin da suka yi a rayuwarsu babu minti ashirin da ya kai waɗannan. Ka juya faifan ka samu Once in a Lifetime, lafiya lau, Houses in Motion da ƙahon Jon Hassell, shi ma lafiya. Daga nan fa wuta ta fara mutuwa, Seen and Not Seen magana ce kawai ake yi a kan kiɗa, The Overload kuma an ce sun yi ta ne suna kwatanta yadda kiɗan ƙungiyar Joy Division ta Ingila zai kasance daga abin da suka karanta a jarida ba tare da sun taɓa ji ba, kuma in ka saurara za ka ji hakan, duhu ne na aro. Listening Wind ce kaɗai nake cirewa a cikin ukun ƙarshen don tana da labari mai nauyi, mutumin da baƙi 'yan Amurka suka mamaye garinsa ya ɗauki makami.

Fear of Music kuwa babu inda yake saki. Waƙa goma sha ɗaya, yawancinsu suna ɗaya tak gare su, Mind, Paper, Cities, Air, Heaven, Animals, Drugs, kuma kowacce mutum ne da tsoron wani abu na yau da kullum ya kama shi, har iskar da yake shaƙa bai amince da ita ba. Wannan shi ne David Byrne na ainihi, mutumin da bai iya zama cikin jama'a ba kuma ya mai da rashin iyawar ta zama waƙa. Kuma ka san inda aka ɗauki yawancin kiɗan? A gidan mai gangarsu Chris Frantz da matarsa mai bes Tina Weymouth ne a Long Island City inda suke atisaye, aka kawo mota mai kayan ɗaukar sauti aka ajiye a ƙasa aka ja wayoyi zuwa sama. Shi ya sa in kana jin Life During Wartime kana jin mutum huɗu a ɗaki ɗaya suna kallon juna, ganga da bes suna tafe kamar an ɗaure su da igiya. Heaven kuma ban san wata waƙa tasu da ta kai ta sanyi ba.

Abin da kake so a Remain in Light ma ai a nan ya tsiro. I Zimbra ita ce ta buɗe Fear of Music, ganguna sun cika ta, Robert Fripp na King Crimson ya kaɗa jita a ciki, kalmomin kuma ba wani yare ba ne, daga waƙen Hugo Ball aka ɗauko, Bajamushen nan na ƙungiyar masu fasaha ta Dada. Daga wannan waƙar suka ga hanya sai suka bi ta a shekarar da ta biyo.

Na biyu a wajena Remain in Light, na uku More Songs. Kuma ina roƙonka ka koma ma 77, ka sa shi ƙasa da Little Creatures wannan ya min ciwo. Ka tuna zamanin da ya fito, a 1975 suka fara hawa dandali a CBGB a New York suna buɗe wa Ramones, kowa a wajen da rigar fata da tsawa da gudu, su kuma suka zo da riga mai kwala tsaf-tsaf, mace tana riƙe da bes, jita ba ƙara ba hayaniya, suna waƙa a kan littafi da ma'aikatan gwamnati da gidan da mutum zai koma. Sirantakar da ka ji da gangan ce. Jerry Harrison mai jita da kibod bai daɗe da shigowa ba daga ƙungiyar Modern Lovers, shi ya zo ya cike musu gurbin. Saurari No Compassion da Pulled Up da ƙarfi a sifika mai kyau sannan ka dawo mu yi magana.

Ummi_KD ta rubuta:

Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Duk abin da ka faɗa a kan Fear of Music na yarda da shi amma a yi min afuwa, ni ina bayan Sadik a kan na ɗaya.

Sadik ba kunnenka kaɗai ba ne, kuma ko da kunnen ne ai ba laifi ba ne, su da kansu ba su ɓoye ba cewa Fela suke saurara, Afrodisiac na 1973 shi ne faifan da furodusansu Brian Eno ya riƙa kunna musu, kuma da aka sake fitar da Remain in Light daga baya an ƙara wani kiɗa da ba su ƙarasa ba wanda sunansa ma Fela's Riff. To wanda ya tashi yana jin Fela ai shi ya fi cancanta ya yanke hukunci ko sun iya ko ba su iya ba.

Ni abin da ya sa nake ɗora shi a sama shi ne yadda aka gina shi. A Compass Point da ke Bahamas suka shiga ba tare da rubutacciyar waƙa ba, su yi ta kaɗawa ana ɗauka, in an samu ɗan guntun da ya yi daɗi sai kowa ya koyi nasa ya yi ta maimaitawa da hannu na mintuna, don lokacin ba irin na'urorin yanzu da za ka yanka ka liƙa a kwamfuta. Yawancin waƙoƙin ba sa barin sauti ɗaya daga farko har ƙarshe, abin da yake sauyawa shi ne wa ya shigo wa ya fita. Duk wadda ta taɓa tsayawa a bakin turmi ana lugude ta san wannan, taɓarya uku kowacce da lokacin saukarta, ke kaɗai dukanki ba komai ba ne amma in kika yi latti da ƙiftawar ido duk abin ya rushe. The Great Curve haka take, amshi hawa uku a kan juna da muryar Nona Hendryx a ciki, sannan jitar Adrian Belew ta faso tsakiya tana kuka.

Maganar da Baba ya yi cewa fuska ta biyu tana mutuwa, ni ban ji ta a matsayin rauni ba, faifan sauka yake yi a hankali da gangan, an fara da gudu an ƙare da rarrafe, kuma in ka ji shi da dare a zaune za ka ga jerin ya yi daidai.

Abu ɗaya da yake ɓata min rai a tarihin faifan shi ne yadda aka yi wa Tina da Chris. Sun ce an yi yarjejeniya za a rubuta sunan kowa a jere a matsayin marubutan kiɗan, da bugun farko ya fito sai suka ga an fifita Byrne da Eno. Alhali ka cire bes ɗin Tina daga Once in a Lifetime ka ga me zai rage. Matar nan fa ba ta iya bes ba da farko, rasa mai kaɗawa suka yi ta ɗauka ta koya, ita ce kuma ta taimaka da Faransancin da ke cikin Psycho Killer don mahaifiyarta Bafaranshiya ce. Kuma shekara ɗaya bayan Remain in Light ita da mijinta suka kafa Tom Tom Club suka fitar da Genius of Love a 1981, wadda Mariah Carey ta gina Fantasy a kanta a 1995. Wannan ya ishe ni hujja a kan daga ina rawar take fitowa a ƙungiyar.

Speaking in Tongues kuwa a nan na rabu da kai Sadik, na uku nake sa shi ba na biyu ba. Waƙoƙin suna da kyau sosai, Burning Down the House ita kaɗai ce waƙarsu da ta shiga goman farko a Amurka, ta kai lamba 9, This Must Be the Place kuma ita ce waƙar soyayya da na fi so a duk kiɗan Turawa ban cire kowa ba. Matsalar ita ce da zarar ka kalli Stop Making Sense sai na situdiyo ya koma kamar gwaji. Slippery People, Girlfriend Is Better, Swamp, duk sun fi rai a dandalin Pantages a Disambar 1983 da Bernie Worrell a kibod da Alex Weir a jita da Steve Scales a ganguna, ga Lynn Mabry da Ednah Holt suna amshi suna gudu a tsaye tare da Byrne. Don haka amsar tambayarka, ni ba na sa shi a jerin takwas ɗin amma shi ne yake sauko da Speaking in Tongues daga matsayinsa.

Dan_Garoua ya rubuta:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Kamaru. Na karanta duka kuma na ga ba wanda ya tsaya wa Naked, to ni zan tsaya masa.

Malam Sadik ka sa shi na bakwai, haba. Kuna ta maganar Afirka a Remain in Light amma ku duba sunayen waɗanda suka yi kiɗan, ba ɗan Afirka ko ɗaya a situdiyon, faifan Fela suka ji da littafi suka karanta. Ban ce laifi ba ne kuma ban ce bai yi kyau ba, shi ne na ɗaya a wajena ni ma. Amma a Naked ne suka tashi suka je Paris, situdiyon Davout, da furodusa Steve Lillywhite, suka zauna ɗaki ɗaya da makaɗanmu da ke zaune a can. Yves N'Djock ɗan Kamaru a jita, Brice Wassy shi ma namu ne wanda ya yi aiki da Manu Dibango, Abdou M'Boup ɗan Senegal a ganguna, Mory Kanté ɗan Gini da korarsa gab da lokacin da waƙarsa Yé ké yé ké za ta yi tashe a Turai, ga Wally Badarou ɗan asalin Benin a kibod wanda dama ya yi musu aiki tun Speaking in Tongues.

Ku kunna Totally Nude da (Nothing But) Flowers ku saurari jitocin kawai. Wannan gudun na jita mai ƙyalli da yake zagayawa sama-sama, mu nan da shi muka tashi a rediyo, daga Kinshasa da Douala yake zuwa mana, kuma ana jin hannun wanda ya gaje shi ne ba wanda ya kwaikwaya ba. A Flowers ɗin har Johnny Marr na The Smiths yana ciki, Kirsty MacColl tana amshi, kuma ban san wata waƙa da Chris Frantz ya sake jiki ya yi ganga cikin nishaɗi kamar nan ba. Blind da ta buɗe faifan ƙahonni ne ke tuƙa ta, Byrne yana ihu kamar maƙogwaronsa zai tsage, shekaru uku kafin nan bai yi waƙa da zafi haka ba.

Inda na yarda da kai shi ne tsawo. Rabi na biyu yana da nauyi, The Facts of Life tana ja da yawa, kuma wanda ya ji a CD ko intanet ya samu ƙarin waƙa da babu ita a faifan asali. Amma Cool Water da ta rufe shi ba ƙaramar waƙa ba ce, a kan masu aikin wahala take da yadda ake raba ɗan Adam gida-gida.

Abin da ya cuci Naked a ganina abu biyu ne. Ya zo bayan Graceland na Paul Simon na 1986 sai mutane suka ɗauka bin yayi suke yi, alhali sun riga shi shiga wannan hanya da shekaru. Sannan ba su taɓa yawon dandali da shi ba, tun farkon 1984 suka daina, to waƙoƙin ba su samu damar girma a gaban jama'a ba yadda na Speaking in Tongues suka samu. Ni na huɗu nake sa shi, sama da Little Creatures nesa ba kusa ba.

Habu_Jos ya rubuta:

kowa ya tsallake More Songs kamar ba shi ne ya fara kawo Eno ba. Take Me to the River ta Al Green da suka sake ita ta fara shigar da su rediyo sosai, ta kai lamba 26 a Amurka, kuma Found a Job ƙarshenta kaɗai ya isa. ni shi ne na biyu a wajena bayan Fear of Music, Baba ina tare da kai. tambaya, My Life in the Bush of Ghosts fa ana lissafa shi?

Baba_MaiKaset ya rubuta:

Habu ba a lissafa shi, na Byrne da Eno ne su biyu, ya fito a 1981 duk da cewa sun fara aikinsa kafin Remain in Light. Sunan daga littafin Amos Tutuola ne ɗan Najeriya na 1954. Kuma tunda ka tambaya ya kamata 'yan'uwa su sani, bugun farko yana da wani yanki da suka ɗora karatun Alƙur'ani mai girma na wasu 'yan Aljeriya a kan kiɗa, wata majalisar Musulmi a Birtaniya ta kai kuka, suka cire shi daga bugun da suka biyo baya suka sa wani a madadinsa. Cirewar ita ce daidai, da ma tun farko bai kamata a yi ba, ɗaukar muryar mutane daga nesa ba tare da sanin me take nufi a wajensu ba abu ne da nake riƙe da shi a kan Byrne da Eno na wancan lokacin.

Wannan ya sa maganar Dan_Garoua ta shige ni. Gaskiya ne a Naked mutane suka gayyato ba faifai ba. Ban kai ga sa shi na huɗu ba don har yanzu ina ganin waƙoƙin ba su kai kiɗan ba, an yi kiɗa a Paris sannan Byrne ya koma New York ya ɗora kalmomi, kuma wani wajen ana jin ɗinkin. Na biyar nake ba shi.

Ummi 'yata, kan Tina ba mu da saɓani ko kaɗan. Hasali ma shi ne dalilina na biyu da ban faɗa ba ɗazu, Fear of Music shi ne faifai na ƙarshe da su huɗun suke daidai wa daida, bayansa Eno ya zama kamar na biyar mai ƙarfin murya, kuma tsamin da ya fara a 1980 bai warke ba har Byrne ya sanar da watsewarsu a Disambar 1991, sauran suka ce a jarida suka gani. Sau ɗaya suka sake kiɗa tare, a 2002 da aka shigar da su Rock and Roll Hall of Fame.

Sadik_ZooRoad ya rubuta:

Na gode ƙwarai Baba, Anti Ummi, Malam na Garoua da Habu. Remain in Light yana nan a samana, bayanin luguden nan na Anti ya faɗi abin da nake ji na kasa faɗa. Naked zan koma masa in bi jitar N'Djock kamar yadda aka ce, 77 ma haka.

Amma har yanzu ba wanda ya ce komai a kan Little Creatures sai dai a ce wani ya fi shi, alhali shi ne ya fi duk faya-fayansu na situdiyo kasuwa, ya wuce kwafi miliyan 2 a Amurka. And She Was da Road to Nowhere ai ba waƙoƙin banza ba ne, ita ta biyun ma ta kai lamba 6 a Ingila. Ko don ya yi sauƙin ji ne ake raina shi? Sannan True Stories kowa ya yarda shi ne na ƙarshe ko akwai mai kare shi?

Ummi_KD ta rubuta:

Ƙanena ba raina shi ake yi ba, ni ina son Little Creatures, shi nake kunnawa in ina aikin gida, kuma Road to Nowhere da amshin nan da aka buɗe ta da shi ba kiɗa sannan ganga ta shigo kamar faretin soja da akodiyon, wannan gwaninta ce. Zanen bangon ma na Howard Finster ne, wani mai wa'azi daga jihar Jojiya da ya koyi zane da kansa, ka ɗauki lokaci kana kallo ba ka gama ganin abin da ke ciki ba.

Abin da ya sa yake sauka ƙasa shi ne hanyar da aka yi shi. Daga 1985 Byrne ya koma zuwa da waƙoƙinsa a rubuce daga gida, sauran su raka shi. To Tina da Chris da Jerry ƙwararru ne, sun raka shi da kyau, amma abin da ya bambanta Talking Heads da sauran ƙungiyoyin zamaninsu shi ne waƙar tana fitowa ne daga ganga da bes ta hau sama, a nan kuma daga sama take saukowa. Waƙa kamar Walk It Down ko Perfect World wata ƙungiyar ma za ta iya yin ta, Crosseyed and Painless kuwa ba wanda zai iya sai su. Na shida nake ba shi, kuma na shida a cikin waɗannan takwas ɗin ba faɗuwa ba ce.

True Stories kam na ƙarshe ne a wajena, kuma dalilin a bayyane yake, waƙoƙin an rubuta su ne don 'yan wasan fim ɗin da Byrne ya shirya a Texas su rera, John Goodman yana da tasa, Pops Staples shi ya rera Papa Legba, kowacce an ɗinka ta daidai da mai ita. Da ƙungiyar ta sake rerawa da muryar Byrne sai yawancinsu suka zama ba su zauna ba, Papa Legba musamman, ka ji ta a bakin Pops Staples sannan ka ji ta faifan za ka gane nufina. Wild Wild Life ta yi kasuwa, City of Dreams tana da kyau, kuma daga waƙar Radio Head da ke ciki ne Radiohead suka samo sunansu, da can On a Friday ake kiransu. Iyakar abin da zan iya faɗa masa kenan.

Kafin ka koma ma 77 ka fara neman The Name of This Band Is Talking Heads na 1982, na dandali ne mai faifai biyu. Na farkon su huɗu ne daga 1977 zuwa 1979, a nan za ka ji waƙoƙin da ka ce sun yi siriri da nauyinsu na gaske, don a situdiyo an tsaftace su fiye da kima. Na biyun kuma babbar tawagar 1980 da 1981 ce da Belew da Worrell da bes biyu, Tina da Busta Jones. Akwai kuma bidiyon wasansu na birnin Rum a Disambar 1980 a YouTube, ka nemi wajen The Great Curve ka sa ido a kan hannun Tina.